Masu Son Zuwa Ganin Fiyod a Norwe, Ku Fara da Neman Masauki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi bayani kan wata tafiya da tambaya a kanta ta fara yawa a nan Katsina da Daura. Sana'armu shirya wa mutane tafiye-tafiye, kuma ban da Umara da Dubai da Alƙahira, yanzu akwai masu tambayar yadda za su je ƙasar Norwe su ga fiyod, ruwan nan da ke kwance tsakanin tsaunuka, wanda hotonsa ke yawo a Facebook da TikTok. Wasu 'yan kasuwa ne, wasu iyaye ne da 'ya'yansu ke karatu a Turai, wasu kuma ma'aikata ne da taro ya kai su Oslo suna son su ƙara kwana uku. Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane a wannan tafiya guda ne: a sayi tikitin jirgin sama tukuna, sannan a koma neman inda za a kwana. Tsarin da ke aiki shi ne akasin haka.

Abin da ake kira fiyod ba tafki ba ne, ba kuma dam ba ne irin na Zoɓe ko Jibiya. Kwari ne mai zurfi da ƙanƙara ta sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, da ƙanƙarar ta narke sai teku ya shigo ya cika shi. Saboda haka ruwan gishiri ne, kuma manyan jiragen ruwa na shiga har ƙuryarsa. Mafi tsawo a Norwe shi ne Sognefjord, ya haura kilomita 200, wato ya fi nisan Katsina zuwa Kano, zurfinsa kuwa a wani wurin ya kai kimanin mita 1,300. Guda biyu ne hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren gadon duniya a 2005: Nærøyfjord, wanda reshe ne na Sognefjord kuma a inda ya fi tsukewa faɗinsa mita 250 ne kawai, da Geirangerfjord mai tsawon kimanin kilomita 15. Wannan siffa ta ƙasar ita ce tushen duk wahalar masauki. Dutse ya sauko har bakin ruwa, filin gini kaɗan ne, ƙauyukan da ke bakin ruwan mutanensu 'yan ɗaruruwa ne, amma baƙin da ke zuwa a shekara dubban ɗaruruwa ne.

Abu na farko, a zaɓi fiyod ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. A taswira Flåm da Geiranger kamar maƙwabta suke, amma tsakaninsu kusan yini guda ne a mota, da hawa da gangara da jiran jirgin fito. Ga wanda ba zai tuƙa mota ba, kuma wannan ne zuwansa na farko, shawararmu ita ce Nærøyfjord ta ƙauyen Flåm (mutanen can "Flom" suke furta shi, idan ka ce "Flam" mai sayar da tikiti zai iya sake tambayarka). Dalili shi ne jirgin ƙasa na kai mutum har bakin ruwa, daga Oslo, babban birnin ƙasar, ko daga birnin Bergen. Geiranger ba ta da jirgin ƙasa. Sai an sauka garin Ålesund, a hau bas ko jirgin ruwa, kuma hanyoyin kan tsauni da ke kaiwa gare ta, kamar Trollstigen, ana rufe su idan dusar ƙanƙara ta sauka, wani lokacin ma saboda faɗowar duwatsu. Akwai na uku da samari ke so, Lysefjord kusa da Stavanger, inda dutsen Preikestolen yake, mai tsayin mita 604 daga saman ruwa. Amma zuwa kansa tafiyar ƙafa ce ta kimanin kilomita 8 zuwa da dawowa, awa huɗu a kan duwatsu, kuma bakin dutsen ba shi da shinge. Ba wurin kai dattijo ko mai ciwon gwiwa ko ƙananan yara ba ne.

Sai lokaci. Daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba ne komai ke aiki sosai. Ƙarshen Mayu da Yuni sun fi kyau a ganinmu, domin dusar ƙanƙarar kan tsaunuka na narkewa, magangarun ruwa sun cika, ga tsawon yini. Yuli shi ne watan cunkoso, saboda makonni uku na ƙarshensa ne yawancin 'yan ƙasar ke tafiya hutu a lokaci guda, ga kuma baƙi daga sauran Turai da Amurka da Asiya. Wanda ke son Yuli ya kama ɗaki tun Janairu ko Fabrairu. Satumba mutane sun ragu, farashi ya sauka, amma ruwan sama ya ƙaru kuma wasu jiragen ruwan sun rage zirga-zirga. Daga Nuwamba zuwa Maris masaukai da yawa a ƙananan ƙauyuka a rufe suke, kuma a Disamba hasken rana bai wuce awa shida ba.

Yanzu ga batun masaukin kansa, kuma a nan muke so mai karatu ya dakata. Oslo ba ta kusa da waɗannan wurare. Wanda ya kama otal a Oslo na kwana biyar yana tunanin zai riƙa zuwa yana dawowa ya yi asara, domin zuwa Flåm kaɗai ya kai awa biyar zuwa shida. Bergen ta fi kusa, kimanin kilomita 170 daga Flåm, ana iya zuwa a dawo a yini guda, amma yinin zai ƙare a cikin jirgi da bas. Abin da ya fi shi ne a kwana aƙalla biyu a bakin ruwan. Amfanin haka a bayyane yake ga wanda ya san wurin: manyan jiragen yawon buɗe ido kan iso da safe su sauke dubban mutane, su kwashe su da yamma. Daga hantsi zuwa la'asar ƙauyen kamar kasuwa yake. Wanda ya kwana a can shi ke samun safiya da maraice, lokacin da ruwan ya kwanta kuma ba kowa.

Idan Flåm ta cika, kuma takan cika, a duba Aurland, ƙasa da kilomita 10 daga nan, a bakin ruwa guda, da bas tsakaninsu. Sai Gudvangen, a ɗaya ƙarshen Nærøyfjord, kimanin kilomita 20 ta hanyar da aka huda cikin dutse. Sai Voss, gari ne sosai mai tashar jirgin ƙasa da manyan kantuna, kimanin awa ɗaya a bas, sai dai ba a bakin fiyod yake ba. Undredal ƙaramin ƙauye ne mai kyau da aka sani da cukun awaki, amma wanda ba shi da mota zai sha wuya a can. Kafin a biya ko sisi, a ɗauki adireshin masaukin a sa a manhajar Entur, wadda ke nuna jadawalin bas da jirgin ƙasa da na ruwa na ƙasar gaba ɗaya, a ga ƙarfe nawa bas na ƙarshe ke wucewa. Talla za ta ce "kilomita 6 daga tasha", amma kilomita shidan na iya zama hawan tsauni ko rami cikin dutse da aka hana masu tafiya a ƙasa shiga. Babu acaɓa, babu Keke Napep, tasi kuma kaɗan ce, sai an kira tun da wuri, kuma tana da tsada ƙwarai.

Masaukai iri uku ne mutum zai tarar. Otal shi ne mafi tsada, amma yawanci da karin kumallo a cikin kuɗin, kuma ana ƙirga shi da yawan mutane: ɗakin mutum biyu na mutum biyu ne, idan an zo da yaro sai an faɗa tun wurin kama ɗakin a biya ƙarin gado. Na biyu shi ne gidan kwanan matafiya da suke kira vandrerhjem, mai araha, inda ake haɗa baƙi a ɗaki ɗaya. Wasu ɗakunan maza da mata a haɗe suke, saboda haka a karanta da kyau, a nemi ɗaki na keɓe ko na mata zalla. Na uku, wanda muke ganin ya fi dacewa da iyalin Bahaushe, shi ne hytte, ɗan gidan katako da ake haya a filayen zango. Yana ɗaukar mutum huɗu zuwa shida, da kicin, ana biyan kuɗin gidan ne gaba ɗaya, mata kuma suna samun sirri. Amma a yi tambaya huɗu kafin a biya. Akwai banɗaki da ruwa a ciki, ko sai an fita na haɗaka? Masu araha da yawa babu. Zanin gado da tawul suna cikin kuɗin? Sau da yawa ba sa ciki, ana hayarsu a kan kowane mutum, ko a zo da nasa. Sharar ƙarshe fa? Al'adar can ita ce baƙo ya share, ya goge, ya wanke kwanuka, ya fitar da shara kafin ya tafi, in ba haka ba a cire kuɗin gyara daga katinsa. Sannan ƙarfe nawa ofishin karɓar baƙi ke rufewa? Ƙananan wurare ba su da mai gadi da dare. Idan za a iso a makare, a sanar da su tun da rana, su bar mabuɗi a akwati mai lamba su turo lambar. Shiga ɗaki yawanci daga ƙarfe 3 ko 4 na yamma ne, fita kuma 11 na safe ko 12 na rana.

Akwai masu jin labarin cewa a Norwe ana kafa tanti kyauta. Gaskiya ne, dokar 1957 ta ba kowa damar haka a ƙasar da ba gona ba ce ba kuma harabar wani ba, da sharaɗin a yi nisan mita 150 daga gidan da ake zaune a ciki, kada a wuce kwana biyu a wuri ɗaya ba da izini ba, kuma an hana hura wuta a daji ko kusa da shi daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba. Sai dai wannan ba zai taimaki mai neman biza daga Najeriya ba.

Dalili kuwa shi ne masauki na cikin takardun biza. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Ana cike fom a shafin hukumar shige da ficensu, UDI, a biya yuro 90 ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, kuma ba a mayar da kuɗin idan an ƙi. Ana buƙatar fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa da shafi biyu da ba a buga komai ba, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da bayanin asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwanci, da shaidar inda za a kwana a kowane dare na tafiyar. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida amsa na fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, don haka a shigar da takardu wata uku kafin ranar tashi. Idan tafiyar ta haɗa da wata ƙasar Schengen, ana neman biza ne daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta.

Muna kira da babbar murya kan masu buga wa mutane takardar otal ta bogi, ko su kama ɗaki su soke shi washegari. Jami'in biza na iya tuntuɓar otal ɗin, jami'in filin jirgi ma na iya tambaya ranar da aka sauka. Idan aka gano, an ƙi bizar, kuma ƙin yana shiga rumbun bayanan da duk ƙasashen Schengen ke gani. Hanyar da ta dace mai sauƙi ce: a kama ɗaki na gaske, da sunan da ke kan fasfo, a zaɓi farashin da ake iya sokewa kyauta, ko da ya ɗara ɗan kaɗan, a rubuta ranar ƙarshe ta sokewa. Idan biza ba ta fito ba kafin ranar, a soke, babu asara. Farashin da ba a mayar da kuɗinsa ba na mai jiran biza ba ne. Araha ba ta ado. Haka kuma a gwada katin banki tun daga gida. Otal kan riƙe wani kaso a kati don tabbatarwa, idan katin naira ya ƙi saboda iyakar kashewa a waje, sai su soke ɗakin ta imel ba tare da mutum ya lura ba. Katin asusun dala ya fi aminci, kuma a can ma kusan komai da kati ake biya, har banɗakin tasha. Duk wanda ya ce a tura masa kuɗin gida ta WhatsApp zuwa wani asusu na daban, a rabu da shi. Wani abin da ke jawo ƙin biza shi ne a zuba miliyoyi a asusu mako guda kafin a fitar da bayanin banki, ba tare da takardar da ke nuna inda suka fito ba.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Norwe. Daga Kano ko Abuja ake tashi a canza a Istanbul, Doha, Addis Ababa ko Frankfurt. A kula da hanyar Landan, domin mai fasfon Najeriya na buƙatar bizar wucewa ta Ingila ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, kuma bizar Schengen ta ziyara ba ta ɗauke masa wannan. Kada a sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka: nama da kayan madara daga wajen Turai haramtattu ne a kwastan ɗinsu. Tsabar kuɗin da ta haura kurona 25,000 (kurona ita ce kuɗin Norwe) dole a bayyana ta.

Ga tsarin kwana biyar da ke tafiya daidai. A kwana ɗaya a Oslo a huta. Washegari da safe a hau jirgin ƙasa na Bergen, a sauka Myrdal bayan kusan awa biyar. Myrdal tasha ce a kan tsauni, mita 866 sama da teku, hanyar mota ba ta zuwa, saboda haka wanda jirgi ya bari sai ya jira na gaba. Daga nan jirgin Flåm ke gangarawa kilomita 20 cikin kusan awa ɗaya, ta ramuka 20, yana tsayawa 'yan mintuna a magangarar ruwa ta Kjosfossen. A kwana biyu a Flåm ko Aurland. A yinin da ke tsakani a hau bas zuwa Stegastein, wani dandamali mai tsayin mita 650 sama da ruwa. Rana ta huɗu a shiga jirgin ruwa daga Flåm zuwa Gudvangen, awa biyu ta cikin Nærøyfjord, sannan bas zuwa Voss, sannan jirgin ƙasa zuwa Bergen. A kwana a Bergen, a tashi daga can, ba sai an koma Oslo ba, idan tun farko an sayi tikitin sauka a Oslo da tashi daga Bergen. Kujerun jirgin Flåm da na jirgin ruwan suna ƙarewa a Yuni da Yuli, a saye su da zarar biza ta fito. Ana sayar da zagayen a dunƙule da sunan Norway in a Nutshell, ana kuma iya sayen kowanne daban. Wanda ya sayi daban ya bar tazara mai kyau tsakaninsu, domin idan na farko ya makara, na biyun bai san da zamansa ba. Kuma kowa shi ke ɗaukar kayansa a duk canjin nan, babu ɗan dako, don haka jaka ɗaya mai taya ta isa.

Abinci shi ne dalili na biyu da ya sa muke fifita gida mai kicin. Cin abinci a waje sau uku a rana zai iya cinye abin da ya kai kuɗin ɗaki. Mahautan halal suna Oslo, musamman unguwar Grønland kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, da kuma Bergen. A ƙauyukan bakin ruwa kada a sa rai. Kifi, ƙwai, burodi, dankali, shinkafa da taliya suna nan a kantunan Kiwi, Rema 1000 da Coop. A haddace kalmomi huɗu: svin alade ne, skinke cinyar alade ce, pølse tsiran da yawanci akwai alade a ciki, leverpostei kuma hantar da ake shafa wa burodi, yawanci ta alade. Manyan kantuna a rufe suke ranar Lahadi, a yi cefane ranar Asabar. Ruwan famfo ana sha, ba sai an sayi na roba ba. A zo da yaji da garin kunu daga gida.

Batun salla na buƙatar shiri tun daga nan. A ƙarshen Yuni a yankin Bergen rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 11 na dare, ta fito wajen 4 na asuba, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya tsakaninsu. Manhajar waya da aka saita kan lissafin gida za ta ba da lokutan Isha'i da Asuba da ba su da kan gado. A karɓi jadawalin da masallatan Oslo ko Bergen ke amfani da shi, a kuma tambayi malami kafin tafiya kan ƙasaru da haɗa salloli, tunda a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya tana yanke ƙasaru. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da aka saba ba. A sa ƙaramar buta a jaka, domin banɗakunansu takarda kawai ake ajiyewa, alwala kuma a yi ta a wurin wanka, kada ruwa ya kwanta a daɓen katako a caje mutum kuɗin ɓarna. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu na gaban namu da awa ɗaya.

Zafinsu bai fi sanyin safiyar hunturu a Daura ba, a kan jirgin ruwa kuma iska na ratsa jiki. Bergen na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara. Ana buƙatar rigar ruwa mai hula, suwaita, safa mai kauri da takalmi rufaffe mai ƙasan da ba ya santsi; lema ba ta jure iskar wurin. Ana duba yanayi a manhajar Yr kowace safiya. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta. Wanda zai yi hayar mota ya sani suna tuƙi a hannun dama kamar mu, fitila a kunne dare da rana, gudu a wajen gari yawanci kilomita 80 ne kuma tarar wuce shi mai nauyi ce, kuɗin hanya da na jirgin fito kamfanin haya ke cirewa daga kati daga baya. A gangaren tsauni a sa ƙaramar giya a bar inji ya riƙe motar, domin taka birki ba sassautawa na sa shi ya yi zafi ya daina kamawa. A hanyoyi masu tsukewa, alamar M tana nuna inda ake raɓewa a ba mai zuwa wuri, ba wurin tsayawa ɗaukar hoto ba ne. Lambobin gaggawa su ne 112 na 'yan sanda, 113 na motar asibiti, 110 na 'yan kwana-kwana.

Mun gode da ba mu wannan fili. Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar shirya tafiye-tafiye,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.